Kayan da Ɗan Sanda Yake Kawowa Gida

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato, ta ratsa Bodinga da Shagari ta nufi Tambuwal, ya san shingen 'yan sanda. Mukan tsaya muna gunaguni, sa'an nan mu wuce. Da wuya mu tambayi kanmu yadda mutumin nan ya kwana. A watan Afrilu zafin ƙasar nan yakan wuce awo 40, shi kuwa yana tsaye a kan kwalta da bindiga a kafaɗa. In mota ta yi haɗari, shi ne zai fara ɗaga gawa. In 'yan bindiga sun shiga ƙauye da dare, shi za a kira.

Mutanen jihar nan ba su manta da harin kasuwar Goronyo ba, a watan Oktoba na 2021, inda aka kashe mutum fiye da 40. A 2020 kuma, lokacin tarzomar da ta biyo bayan zanga-zangar EndSARS, Sufeto Janar ya ce an kashe 'yan sanda 22. Waɗanda suka ga irin wannan da idonsu suka tsira, ina suka ajiye abin da suka gani?

Gida suke kawo shi. Mu malamai a aji muke fara lura: yaron da yake gyangyaɗi tun da safe, gama babansa ya kwana yana firgita, ko kuwa yarinyar da take razana in an ɗaga murya kaɗan. Uwargida ta fi mu sani. Maigida ya daina hira, barci ya ƙaurace masa, ƙaramin abu sai faɗa. Wani ya kama shan giya, wani ƙwaya, wai don ya sami runtsawa. Da yawa cikinsu kuwa daga nesa aka turo su, babu kawu ko yaya kusa da zai zaunar da su ya ce, "Ƙanena, me yake damunka?"

Me ya hana su neman shawara? Tun a wurin horo an koya musu su haɗiye. Suna tsoro kada abokan aiki su ce ragwaye ne, ko maganar ta kai kunnen maigidansu a ofis. Mu ma da namu laifin. A Kware, arewa da birnin Sakkwato, akwai babban asibitin Gwamnatin Tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa, amma mun mai da sunan garin abin zolaya. Wa zai so a ce an kai shi Kware? Alhali kuwa rashin barci, da firgita, da baƙin ciki mai daɗewa duk cututtuka ne da ake dubawa a ba mutum magani ya koma gida. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mai jinya ikon a rufa masa asiri.

To, uwargida, kada ki tare shi da tambayoyi tun yana bakin ƙofa. Ya sha ruwa, ya ci abinci, ya huta tukuna. In ya soma magana, ki saurara, kada ki kai zancen bakin famfon bariki. In ya fi sakewa da fasto ko wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin, ki ƙarfafa shi ya je. Fasto kuma ya san iyakarsa: addu'a ba ta hana zuwa wurin likita.

Amma in ya fara cewa ya gaji da duniya, ko ya yi barazana ga iyali, ranar nan ba ta rufin asiri ba ce. Mutum ne mai riƙe da makami. A sanar da babban jami'insa, a raka shi Kware ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kada kuma a bar shi ya kwana shi kaɗai.