Lasifika Biyu, Alƙali Kunne

Masu sayar da manyan lasifikokin gida kan cika baki da tsada da rugugin ganga. Ni kuwa a ganina, muryar ɗan Adam ce ma'aunin gaskiya.

Na saurari guda biyu da suka yi suna: Klipschorn, wadda Paul Klipsch ya ƙera a Amurka a 1946, da Quad ESL ta Peter Walker, wadda ta fito a Ingila a 1957. Ta farko ƙaho ce naɗaɗɗe cikin akwati, ana girke ta a kusurwar ɗaki, bango ya taya ta amo, da wuta kaɗan ta cika gida. Ta biyu fallen leda ce da lantarki ke kaɗawa tsakanin faranti biyu masu huji, kuma ba ta jure ƙara mai yawa.

A kiɗan ganga, Klipschorn ta yi zarra. Amma da na sa maganar Hausa, a Quad na fi rarrabe "kafa" da "ƙafa", "bari" da "ɓari", har da hawa da saukar murya. Don haka ita na zaɓa.

'Yan'uwa ɗalibai, kunnen da muka horar a ajin ilimin furuci ya isa alƙalanci. Sai dai ku daidaita ƙarar biyun, domin wadda ta fi ƙara kan yaudari kunne. Ku kuma rufe ido, kada sunan kamfani ya yanke muku hukunci.