Tufafin da ke barci a durowar Abuja da darasin ambaliyar Maiduguri

A daren Litinin, wayewar garin Talata 10 ga Satumban 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya kwararo cikin Maiduguri da Jere jama'a suna barci. Kafin rana ta take ya shanye Gwange da Fori da Gamboru, ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa mutum fiye da 400,000 ne suka bar gidajensu. Rabon birnin da ganin irin wannan ruwa tun 1994. Sansanin Bakasi, wanda gwamnatin Babagana Umara Zulum ta rufe a 2021, sai da aka sake buɗe shi domin ya karɓi mutanen gari.

Yawancin waɗanda suka tsira sun fita ne da abin da suka kwana da shi a jiki. Akwatunan lefe, da laffayar da uwa ta adana wa 'yarta, da babbar rigar Juma'a, da kayan makarantar yara, duk suka kwanta a cikin laka. A garin da aka san mutanensa da tsafta da ƙamshin turaren wuta da humra, sai ga magidanci ya kwana uku da riga ɗaya, ga matar aure tana jiran zanenta ya bushe kafin ta iya fitowa layin karɓar abinci. Bahaushe ya kira tufa da sunan sutura, kuma ba banza ba: kalma ɗaya ce ta ɗauki ma'anar riga da ma'anar rufin asiri. Wanda ya rasa ta farko, ta biyun ma tana cikin haɗari.

Wannan al'amari yana da magana da ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke zaune a Kubwa ko Gwarimpa ko Lugbe ko Nyanya, da hadimin da ke bin minista ko sanata daga wannan taro zuwa wancan. A ɗakin kwanan da yawa daga cikinsu akwai durowar da ba ta rufuwa sai an danna da kafaɗa, akwai jakar bakko a saman durowar, akwai akwati a ƙarƙashin gado wanda rabon da a buɗe shi tun kafin canjin gida. Abin da ya dace shi ne a mai da tantance waɗannan tufafi aiki na ƙa'ida, sau biyu a shekara, a lokacin zaman lafiya, a fitar da masu kyau tun suna da kyau. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tarin kayan nan ba duka ba ne laifin son ado. Aikin gwamnati a Abuja yana tafiya da biki. Ɗan darakta zai yi aure, an fitar da anko. 'Yar babban sakatare za ta tare, an fitar da wani. Ƙungiyar matan ma'aikata tana da atamfarta, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai tana da tata, kowane taron bita yana sallamar mahalarta da riga mai tambari da hular hana-salla. A ƙara da yadin Sallah ƙarama da babba, da jallabiya da abayar tsarabar Makka, da shaddar da maigida ke miƙa wa yaransa idan ya ji daɗin aiki. Yawancin waɗannan sau ɗaya ake sa su, a ɗauki hoto, a ninke. Shekara ta zagayo jiki ya canja, yayi ya wuce, rigar kuma tana nan tana cin wuri.

Wurin da take ci ma ba shi ne babbar asarar ba. Masaƙun Kaduna irin su KTL da Arewa Textiles da UNTL sun daɗe da durƙushewa, don haka mafi yawan shadda da leshi da atamfar da ake saye a Kantin Kwari ko Kasuwar Wuse daga waje suke zuwa, farashinsu yana bin dala. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a cikin 2024. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuɗin da ba zai ɗinka wa mutum cikakkiyar babbar riga ta shadda mai daraja ba. Ke nan kowace riga mai kyau da ke ninke shekara uku ba a taɓa ta ba, dukiya ce aka ɗaure ta a duhu, a daidai lokacin da sabuwa ta gagari talaka. Danshin daminar Abuja kuwa ba ya jira: yana sa wa yadi fumfuna, asu yana huda shi, farin yadi ya koma ruwan ƙasa a layin ninki. Abin da aka hana mutum, ƙwaro ne yake cinye shi.

Dalilin da ya sa lokacin tantancewar yake da muhimmanci shi ne abin da ke faruwa idan aka bari sai masifa ta auku. Labari ya bazu a waya, tausayi ya motsa, kowa ya ruga ɗaki ya yayumo abin da hannunsa ya kai, ya cusa a buhu. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin karɓar irin wannan gudummawa a masallaci ko coci ko makaranta ya san abin da ke fitowa daga buhunan: riga babu wando, takalmi ƙafa ɗaya, zani mai tabon manja, kwat ɗin sanyin Turai a watan zafi, kayan ciki da aka riga aka sa. Ma'aikatan agaji a ƙasashe da dama suna kiran irin wannan tari masifa ta biyu, domin 'yan sa-kai da ya kamata su raba abinci da magani su ne za su zauna suna tsince tsumma, motar da ya kamata ta ɗauko ruwa ita ce za ta kwashe shara. Ghana ta ga girman matsalar ta wata fuska: ana ƙiyasta cewa tufafin gwanjo miliyan 15 ne ke shiga kasuwar Kantamanto ta Accra kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 suna ƙarewa a juji da bakin teku. Bai kamata durowar Abuja ta yi wa Maiduguri abin da durowar Turai ke yi wa Accra ba.

Hanyar yin aikin ba ta da wuya, sai dai tana son gaskiya. A zaɓi ranar Asabar, a fito da komai a zube a kan gado ko tabarma, har da na saman durowa da na ƙarƙashin gado, domin mutum ba ya sanin yawan abin da ya tara sai ya gan shi tsibi ɗaya. Mari Kondo, 'yar Japan ɗin da ta yi suna a duniya kan gyaran ɗaki, ma'auninta shi ne ko kaya yana faranta ran mai shi. Ma'aunin da ya fi dacewa da nan ƙasar ya fi wannan sauƙi: duk tufar da Sallah biyu suka wuce ba a sa ta ba, ba ta Juma'a ba ce, ba ta ofis ba ce, ba ta sanyi ba ce, to ta gama aikinta a wannan gida.

Daga nan sai a kasa kayan uku. Kashi na farko shi ne abin da ake sawa da gaske. Shi za a mayar cikin durowa, na ofis a gefe ɗaya, na Juma'a da biki a gefe ɗaya, manyan riguna a ninke a shimfiɗe don kada rataya ta ja aikin wuyansu, huluna kuma a kai wa mai wankin hula, zanna da kube da damanga kowace ta dawo da siffarta. A jefa ƙwayar kafur a lungunan durowar, a bar sarari iska ta ratsa. Kashi na biyu shi ne mai kyau wanda ba a sawa. A wanke shi, a goge, a haɗa kowane da ɗan'uwansa: riga da wando da hula, zani da riga da ɗankwali da mayafi. A ware na maza, na mata, na yara, a rubuta a jikin kowace jaka abin da ke ciki da girmansa. Kayan ciki ba sa shiga wannan kashi sai sababbi a ledarsu. Kashi na uku shi ne wanda ya yage ko ya koɗe. Wanda yadinsa ke da sauran ƙarfi a kai wa tela ya fitar da rigar yaro daga babbar riga, ko siket ɗin yarinya daga zani. Wanda ya mutu murus ya zama tsumman goge-goge a gidan mai shi. Ma'aunin raba kashi na biyu da na uku guda ɗaya ne: abin da mutum zai ji kunyar miƙa wa ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, kada ya aika wa baƙo da sunan sadaka.

Wannan ba sabon abu ba ne da aka aro daga waje. Ba da kwance tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa da Borno: yaya ya kwance wa ƙani, maigida ya kwance wa bara, uwar ɗaki ta kwance wa 'yar ɗakinta, sarki ya tuɓe riga ya ba wanda ya yi bajinta. A shari'ar Musulunci tufatar da miskinai goma yana cikin hanyoyin kaffarar rantsuwa, kuma malamai sun sha jan kunne a kan zaɓo mafi muni a bayar. Abin da zaman Abuja ya yi shi ne ya raba mai riga da masu karɓar kwancensa. Dangi suna Biu ko Funtuwa ko Gusau, gidan haya yana da katanga da maigadi, sai kayan suka rasa ƙofar fita.

Ƙofar kuwa tana kusa. A cikin Abuja kanta akwai 'yan gudun hijira a Durumi da Kuchingoro da Wassa, da yawansu mutanen Gwoza ne da rikicin Boko Haram ya koro fiye da shekara goma da suka wuce. Akwai masu shara da masinjoji da masu gadi a kowace ma'aikata, waɗanda albashinsu ba ya kai su tsakiyar wata. Akwai 'yan agajin masallatai da ƙungiyar Red Cross. Ƙungiyoyin ma'aikata da na gama-kai da ke cikin ma'aikatu, waɗanda suka iya tara kuɗin shinkafar azumi da ragon layya, za su iya ware rana biyu a shekara domin karɓar kaya tsararru: ɗaya kafin damina ta yi nisa, lokacin da hukumar NIHSA ke fitar da hasashen ambaliya na shekara, ɗaya kuma a watan Nuwamba kafin hunturu ya sauka, lokacin da rigar sanyi da bargo suka fi komai daraja a sansani. Mokwa ta jihar Neja ta ga nata ruwan a ƙarshen watan Mayun 2025, Lokoja ta gani a 2012 da 2022. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Wasu za su ce ƙaramin ma'aikaci ba shi da rarar da ake zance, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ma ya fi ƙarfinsa. Gaskiya ne, kuma wanda rigunansa biyar ne ba da shi ake ba. Mata kuma za su ce turmin atamfa da leshin da ba a ɗinka ba ajiya ce, ranar da ta ɓaci dillaliya za ta mai da su kuɗi. Wannan ma gaskiya ne, a bar ajiya a matsayinta, amma a san adadinta, a riƙa duba ta, kada a kira rigar da aka ɗinka aka manta da ita ajiya. Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masana agaji, masu cewa kuɗi ya fi kaya amfani, domin wanda abin ya shafa shi ya san buƙatarsa, kuma kuɗin zai shiga kasuwar garinsa. A Maiduguri wannan yana da nauyi ƙwarai, ganin cewa 'yan Kasuwar Monday gobara ta cinye musu shaguna a watan Fabrairun 2023, ruwa kuma ya biyo baya bayan wata goma sha takwas. Amsar ita ce tantancewa tana haifar da duka biyun. Yadin da ba a yanka ba a sayar a aika kuɗin, mai karɓa ya sayi laffayar da yake so a wurin ɗan kasuwar garinsu. Wanda aka riga aka ɗinka, wanda ba shi da wani farashi a hannun dillali, a kai shi ga jikin da ke buƙata.

Saura tushen matsalar, wato famfon da ke cika durowar. Muddin kowane biki sai da sabon anko, gyaran ɗaki zai zama kwasar ruwa da kwando. A nan manya ne ke da ikon sauya abu. Ranar da babban sakatare ko darakta ya aurar da 'yarsa ya ce kowa ya zo da fararen kayan da yake da su, ya ɗauke wa ƙananan ma'aikata ɗari nauyin da ba sa iya faɗa masa. Hadimin da ke tsara wa maigidansa taro yana iya soke rigar tambari daga kasafin, ba wanda zai yi kewarta. Telan da zai rasa ɗinkin anko zai samu aikin gyara da rage tsawo da mai da babba ƙarami.

A ƙarshe kowace durowa za a buɗe ta a fito da abin da ke ciki. Ko dai mai ita ya yi da hannunsa yana zaɓar wanda zai ba, ko magada su yi ranar rabon gado, suna ƙirga rigunan da asu ya riga su ci. Damina mai zuwa ba ta da nisa, kuma Asabar ɗaya ta isa a fara.