Tseren keke: hanyar burji ma fage ce, ba sai an jira kwalta ba

A watan Agustan 2025, Pauline Ferrand-Prévot, 'yar garin Reims na ƙasar Faransa, ta lashe gasar Tour de France ta mata. Watanni huɗu kafin nan ta ci Paris-Roubaix, tseren da ake yi a kan tsofaffin hanyoyin duwatsu, kuma a 2024 ta ɗauki zinare a tseren keken tsauni na gasar Olamfik ta Paris. Tun a 2015, tana da shekara 23, ta riƙe kambun duniya uku lokaci guda: na kan titi, na cikin taɓo, da na tsauni. Babu wanda ya riga ta yin haka, mace ko namiji.

Wanda ya fi shafar mu shi ne kambun da ta ci a Italiya a 2022, a karon farko da aka yi gasar duniya ta tseren keke a kan hanyar burji. Wato irin hanyar da yaran Cadakori ke bi kullum zuwa makaranta, wani da goyon ƙanensa, wani da jarkar ruwa, yanzu tana da gasar duniya. A tawa fahimtar, wannan ya rushe tsohon uzurin nan na cewa ba mu da titi. Wanda ya iya ratsa yashin Gidan Runji a kan keke mara giya, ƙarfin ƙafa ba shi ne matsalarsa ba.

Abin da babu shi ne fage. Kokowa ba ta zama abin da ta zama ba sai da aka kafa gasar ƙasa a 1975 a Tawa, inda Kantu na Maradi ya yi nasara. Yau filin kokowar Maradi sunansa yake ɗauke da shi. Burkina Faso kuwa tun 1987 take shirya Tour du Faso.

Za a ce keken tsere tsada gare shi. Gaskiya ne. A Paris, sai da 'yar Najeriya Ese Ukpeseraye ta ari keke a wurin tawagar Jamus kafin ta shiga wani tsere. Amma gasar gunduma ba ta buƙatar irin wannan keke. Kowa ya zo da nasa na gida. Za a kuma ce akwai matsalar 'yan bindiga a wasu sassan Gidan Runji, kuma wannan hujja ta fi ta farko nauyi. To a fara da zagaye cikin gari da rana tsaka, ko a Agye da Gazawa.

Magadan gari da hukumar wasanni ta jihar Maradi su tsayar da rana guda bayan girbi, a ware rukunin 'yan mata da yardar iyayensu, a ba wanda ya zo na ɗaya sabon keke.