Wa Ya Ce Mataimaki Safaya Ne?

Akwai wata magana da ta tsallako mana daga Nijeriya ta gidajen rediyo da wayoyin hannu, ta samu wurin zama a majalisun zango tun daga Ajengire har Dapango. Wai mataimakin gwamna safaya ne, tayar nan da ake ɗaurewa a bayan mota, ba a tunawa da ita sai ranar da aka yi faci. Mun karɓe ta da dariya, muka kuma yafa ta a kan kowane mataimaki, har da na magajin gari a ƙananan hukumominmu. Ni kuwa ina ganin cikin dukan mutanen ƙasar nan, mu ne bai kamata mu yi wannan dariya ba.

Dalili a fili yake. Bahaushe a Togo tsiraru ne duk inda ya zauna: tsakanin Kabiye a Ajengire da Sotubuwa, tsakanin Kotokoli a Sokode, tsakanin Moba da Gurmawa a Dapango. Kakanninmu sun daɗe suna ratsa wannan ƙasa da ayarin fatake a kan hanyar goro zuwa Gwanja, amma daɗewa ba ta ƙara yawan ƙuri'a. Al'ummar da ba ta da yawan da za ta kama kujerar farko, idan aka zauna rabon muƙamai, abin da hannunta zai iya kaiwa shi ne kujera ta biyu. To mutumin da ke raina iyakar abin da hannunsa ke kaiwa, me ya rage masa?

Mu fara da can inda maganar ta fito, domin a can ne kujerar ta sha gwaji iri-iri. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 bai yarda a zaɓi mataimakin gwamna shi kaɗai ba. Sashe na 187 ya ce ɗan takarar gwamna ne zai kawo abokin takararsa, in gwamna ya ci, shi ma ya ci. Sashe na 193 ya bar wa gwamna ikon ya ba shi aiki in ya ga dama. Sashe na 191 kuma ya ce idan gwamna ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka tsige shi, mataimaki ne zai hau. A dubi wannan haɗi da kyau. An ɗauki mutum ba a ba shi aikin kansa ba, ba a ba shi ƙuri'ar kansa ba, sannan aka ce shi ne magajin wanda ya ɗauko shi. Gwamna na kallonsa yana ganin mai jiran gado, shi kuma yana kallon gwamna yana ganin mai riƙe da abincinsa. Ko waliyyai biyu aka haɗa a wannan ɗaki sai an ji kansu.

An kuwa ji. A Kano, majalisar dokoki ta tsige Ibrahim Bibi Faruk, mataimakin Abubakar Rimi, a 1981. Farfesa Hafiz Abubakar ya ajiye muƙaminsa a watan Agusta na 2018, bayan dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da Abdullahi Ganduje, wanda shi kansa ya yi wa Rabi'u Kwankwaso mataimaki har sau biyu, kuma kafin shekara ta zagayo da hawansa gwamna a 2015 suka raba gari. A Sakkwato, Aliyu Magatakarda Wamakko ya sauka daga mataimakin Attahiru Bafarawa a 2006. A Zamfara, Mahdi Aliyu Gusau ya ƙi bin Bello Matawalle zuwa APC a 2021, a watan Fabrairu na 2022 majalisa ta raba shi da kujerarsa. Masu cewa safaya ne waɗannan labarai suke kawowa hujja, kuma ban musa ko ɗaya ba.

Sai dai sun ƙidaya rabin kwarya sun bar rabi. Wanda ya maye gurbin Bibi Faruk, wato Abdu Dawakin Tofa, shi ya zama gwamnan Kano a 1983 da Rimi ya yi murabus. Da aka tsige Balarabe Musa a Kaduna ranar 23 ga Yuni 1981, Abba Musa Rimi ne ya karɓi jihar. Wamakko ya dawo ya ci gwamna a 2007. Ibrahim Gaidam ya hau kujerar Yobe a farkon 2009 bayan rasuwar Mamman Ali. Patrick Yakowa ya zama gwamnan Kaduna a 2010 saboda an ɗauke Namadi Sambo zuwa Abuja, kuma da jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da shi a watan Disamba na 2012, mataimakinsa Mukhtar Ramalan Yero ne aka rantsar. Goodluck Jonathan ya fara daga mataimakin gwamnan Bayelsa a 1999, a 2010 yana shugaban ƙasa. Kai, a jihar Bayelsa ɗin nan, ranar 13 ga Fabrairu 2020, ana gobe rantsarwa, Kotun Ƙoli ta rushe nasarar David Lyon ba don laifinsa ba, sai don matsalar takardun abokin takararsa. Kujerar da ake wa dariya ita ta kayar da wadda ake wa fadanci.

Labarin Yakowa shi ya fi shafarmu. Mutumin kudancin Kaduna ne, daga al'ummomin da suka daɗe suna ganin kujerar gwamna daga nesa. Ta ƙofar mataimaki ya shiga. Duk wanda ke zaune a matsayin tsiraru ya kamata ya tsaya ya yi tunani a nan. Ga kuma abin da ko yaron mota ya sani: direban da zai tashi daga Sokode ya hau tsaunin Alejo da na Defale da kaya niƙi-niƙi, ba ya tashi sai ya duba iskar safayarsa. Masu zagin ma ba su san darajar abin da suke zagi da shi ba.

Ba kuma haka ake yi ko'ina ba. A Amurka akwai jihohin da jama'a ke zaɓen mataimakin gwamna da ƙuri'arsa daban, kamar Teksas da Bajiniya da Kalifoniya, har yakan faru gwamna da mataimakinsa su fito daga jam'iyyu biyu. A Teksas shi ke shugabantar majalisar dattawan jihar, yana da hannu mai ƙarfi a kan kwamitocinta da kasafin kuɗi, har wasu na ganin ƙarfinsa ya kai na gwamna. Sunan kujera ɗaya ne da na Kano da Gusau. Abin da ya raba su tambayoyi biyu ne: wa ya ɗora shi, kuma wane aiki aka rubuta masa?

Waɗannan tambayoyi ba baƙi ba ne a wajen malamanmu. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya kasa wazirci gida biyu: wazirin da aka danƙa wa al'amari yana yanke hukunci da ra'ayinsa, da wazirin da aikinsa kawai zartar da abin da sarki ya faɗa. A daular Sakkwato, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ba ɗan rakiyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ba ne, shi ke kula da al'amuran masarautun gabas, Kano na ciki, kuma aikin ya zauna a gidansa bayansa. Mu sauko ƙasa ma, mu shiga masallacin unguwa. Wace jama'a ce za ta naɗa na'ibin da karatunsa bai nuna ba, don kawai ɗan gidan wane ne, ko don a faranta wa wani layi rai? Ba mai yi, domin kowa ya san wata asuba liman ba zai fito ba. Abin da ba mu yarda da shi a mihrabi ba, don me muke yarda da shi a ma'aikatar magajin gari?

Yanzu mu dawo gida. A Togo ba a zaɓen gwamna, naɗa shi ake yi. A watan Agusta na 2024 aka naɗa gwamnonin yankuna, aka tura Affoh Atcha-Dedji yankin Savanes, aka ba Zouréhatou Kassah-Traoré Babban Lome. Gwamna wakilin gwamnatin tsakiya ne, kamar yadda perefe yake a matakin ƙasa da shi. Inda ƙuri'armu ke aiki shi ne majalisu. Ranar 29 ga Afrilu 2024 aka yi zaɓen majalisun yankuna na farko, kujeru 179. Ƙananan hukumomi 117 kuwa sun samu zaɓaɓɓun kansiloli a 2019, bayan an shafe tun 1987 ba a yi irin wannan zaɓe ba, aka sake yi a watan Yuli na 2025. Kansiloli 1,527 ne, kuma su ke zama su zaɓi magajin gari da mataimakansa daga cikinsu. Su ne kuma, tare da 'yan majalisun yankuna, suka zaɓi sanatoci 41 daga cikin 61 a watan Fabrairu na 2025.

A lura da abin da wannan ke nufi, don a nan ake yi mana sakiyar da ba ruwa. Ranar zaɓe ba ka dangwala wa magajin gari ba, ba ka dangwala wa mataimakinsa ba. Jerin sunaye ka dangwala wa. Ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu, ana ɗauka daga sama zuwa ƙasa. Wanda aka rubuta sunansa can a gindin takarda, hotonsa zai sha bango, mata za su yi masa guɗa, amma da wuya ya ga ƙofar majalisa. Wanda bai zama kansila ba kuwa ba ya zama mataimakin kowa. Saboda haka cinikin gaskiya ana gama shi ne watanni kafin zaɓe, ranar da ake tsara jerin. Wanda ya zo maka da alkawarin mataimaki bayan an rufe jerin, ya sayar maka da tsuntsu ne yana sama.

Da dillalan ƙuri'a na cikinmu nake. Kowane zango ya san nasa. Su ne masu tara mata da matasa a ƙarƙashin rumfa, su karɓi buhunan shinkafa da atamfa da sunan al'umma, su dawo su ce an yi mana alkawari. Ba su taɓa tambayar lamba ta nawa aka sa ɗanmu ba. Ba su taɓa tambayar mataimaki na farko ne ko na ƙarshe ba, alhali na farkon ne ke riƙe ragama idan magajin gari ba ya nan ko wani uzuri ya hana shi. In kuma Allah ya sa aka dace, sai a yanka sa, a kira maroƙa, a ɗaura wa mutum ɗamara mai launin tutar ƙasa, shi ke nan an gama. Shekara shida yana yanke kyalle a wajen buki, yana wakiltar maigidansa a jana'iza.

Ga shi kuwa tsarinmu, ta wani gefe, ya fi na Nijeriya kyauta wa mataimaki. Ba magajin gari ne ya ɗauko shi a aljihu ba, majalisa ce ta zaɓe shi, kuma shi kansa zaɓaɓɓen kansila ne mai ƙuri'a a zauren. Inda tsarin ya yi kama da na Kano shi ne wajen aiki: magajin gari ne ke yanka masa wani sashe na ikonsa, a rubuce, da sa hannu. In babu wannan takarda, babu komai sai ɗamara. A kanta ya kamata a ja daga tun kafin a kaɗa ƙuri'a a zauren, lokacin da ake bukatar kowane hannu.

Wane aiki za a nema? Wanda ya san rayuwar zango ba zai yi dogon tunani ba. Rumfunan kasuwa da kuɗin tikitin da ake karɓa kullum. Karar dabbobi da mahauta. Tashar mota. Filin maƙabarta. Sama da duka, rajistar haihuwa. Doka ta ba iyaye kwana 45 su kai rahoton haihuwa, kuma tun farkon 2022 kyauta ake ba da takardar in an je cikin wa'adi. Wanda ya wuce wa'adin sai ya bi ta kotu. Yaron da ba shi da takardar haihuwa zai gamu da ita a ƙofar jarrabawar kammala firamare, ya sake gamuwa da ita ranar neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Mu da sunayenmu ke sa a yi mana kallon baƙi ko da kakan kakanmu a nan aka binne shi, wannan takarda ta fi mana sa goma da aka yanka ranar walima. A Dapango, inda yankin ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro tun watan Yuni na 2022, kowa ya san abin da rashin takarda ke jawo wa matafiyi a shingen bincike. Mataimakin da ke da ikon sa hannu a wannan ofis, wanda zai iya tura ma'aikaci ya zauna a zango ranar suna ya rubuta jarirai, ya yi wa al'umma abin da gwamna ma ba zai sauko ya yi mata ba.

Za a ce ina rage wa mutane buri, ina koya musu su gamsu da kujera ta biyu. Ban ce kada ɗan zango ya nemi ta farko ba. Amma kansilolin Kabiye ko Moba ko Kotokoli ba za su miƙa ragamar garinsu ga wanda ba su taɓa ganin aikinsa ba, mu ma da mu ne ba za mu yi ba. Inda za su ga aikin shi ne wannan kujerar. Kuma wanda za mu tura ya zama mai jin Faransanci har ya karanta kasafin kuɗi layi-layi, mai jin harshen maƙwabta har ya yi gardama da su a zaure. Yawan zuwa Makka da girman babbar riga ba su karanta kasafi.

Wa'adin da ake ciki yanzu ya soma ne a 2025, saura shekaru kafin a sake tsara jeri. Kafin nan, zaman majalisar ƙaramar hukuma a buɗe yake ga jama'a, ba a hana kowa shiga ya saurara. A Sotubuwa ta biyu da Cawujo ta ɗaya da Tone ta ɗaya, ƙungiyoyin matasa da na 'yan kasuwa da na mahauta za su iya tura mutum biyu kowane zama, musamman zaman kasafi, su dawo su ba da labari bayan sallar Juma'a. Su kuma je wurin kowane mataimakin magajin gari, namu ne ko ba namu ba, su gaishe shi da ladabi, su roƙe shi ya nuna musu takardar da ta faɗi aikin da aka danƙa masa.