Uwargida, Me Ɗanki Ya Sani Game da Ista?

'Yan'uwana mata, musamman ku da ke bin addinin Kirista, ga Ista ta ƙarato, teloli sun daina barci. Kafin ki kai ɗinki, ki kira ƙaramin ɗanki ki tambaye shi dalilin wannan biki. Idan ya ce miki ranar shinkafa da kaza ce, kada ki yi masa faɗa. Abin da ya gani ana yi ya faɗa.

Kada kuma ki dogara ga ƙwan cakulan da hoton zomo na kanti. A Turai Ista tana zuwa ne lokacin da sanyi ya wuce, itatuwa suna tohuwa. Shi zomon ma al'adar Jamusawa ce, su suka kai ta Amurka. Mu a nan, bikin yakan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, a tsakiyar zafin bazara, ƙasa ta bushe ƙayau. Ina ruwan yaron Wusasa ko Kafanchan da zomo? Abin da hannunsa ya taɓa shi zai zauna masa a ka.

Ki fara ran Lahadin dabino. Ganyen da kuka dawo da shi daga coci, ki tsaga shi siri-siri, ki nuna wa yara yadda za su naɗe shi ya zama gicciye. In naɗin ya gagara, a gitta biyu a ɗaure da zare. Suna yi kina ba su labari: da irin wannan ganye aka tarbi Yesu ranar da ya shiga Urushalima a kan jaki, ba a yi mako ba aka gicciye shi.

Wanda na fi so ki ba ƙarfi shi ne ɗan lambun kabari. Ki sami tsohon faranti ki cika da ƙasa, ki kwantar da gwangwanin madara a gefe, ki rufa masa ƙasa ya zama kamar kogo, bakinsa a buɗe. A kafa gicciye uku na tsinke a kan tudun, na tsakiya na Yesu, biyun na 'yan fashin da aka gicciye tare da shi. Tun ran Lahadin nan yara su shuka wake ko gero kewaye, su riƙa yayyafa ruwa safe da yamma, a ajiye a inuwa inda kaji ba za su kai ba. Ran Juma'a da yamma su toshe bakin kogon da dutse. Ran Asabar kowa ya bar shi, ko da ƙananan za su dame ki da tambaya. Jiran nan yana cikin darasin. Da asubar Lahadi ki riga su tashi ki kawar da dutsen. Za su tarar da kogo ba kowa, ga ƙwayar da suka binne da hannunsu ta fito kore shar. A nan ne za ki gaya musu cewa Maryamu Magadaliya da 'yan'uwanta mata su ne suka fara isa kabarin. 'Yan mata su ji wannan da kyau.

In kina da ƙwai, ki dafa su tare da ɓawon albasa mai yawa, za su fito jaja-jaja. Kiristocin Girka suna rina nasu ja don tuna jinin Almasihu, su fasa ran Ista alamar buɗewar kabari.

Ku kuma 'yan makaranta, hutu ne, ku karɓi aikin nan daga hannun iyayenku, ku koya wa ƙannenku. In 'ya'yan maƙwabta Musulmi sun leƙo suna tambaya, ku amsa musu da ladabi cewa abin da ku kuka gaskata ke nan, ku ba su ƙwai su kai gida, kamar yadda ake aiko muku da nama ran Babbar Salla.