Lissafi a Bakin Ruwa

Vaulx-en-Velin gari ne da ke gabas da birnin Lyon a ƙasar Faransa. Mutane da yawa ba su san sunansa ba sai a watan Oktoba na 1990, lokacin da tarzoma ta ɓarke a unguwar Mas du Taureau. Amma garin yana da wani tarihi dabam, wanda ya kamata malaman lissafi da kimiyya su riƙa shigo da shi cikin aji.

A shekarar 1899 aka fara samar da wutar lantarki a tashar Cusset, wadda ke kan mashigin ruwan Jonage, dab da garin. Ruwan Kogin Rhône ne ake karkatowa, ya faɗo daga tsayin kimanin mita 12, ya juya injuna. To, ga darasi a shirye. Idan ruwa mai nauyin kilo 1,000 yana faɗowa daga wannan tsayi a kowace daƙiƙa, ƙarfinsa ya kusa kilowat 118, kafin a cire abin da ke salwanta a cikin inji. Sai a tambayi ɗalibi: ruwa nawa ake bukata domin a haskaka unguwarku? Me zai faru idan kogi ya ja baya da rani? Yaron da yake wucewa ta gefen tashar ba zai ƙara tambayar amfanin ninkawa da rabawa ba. Gani ya kori ji.

Ba yau aka fara irin wannan tunani ba. A tsakiyar shekarun 1990 Georges Charpak, wanda ya sami kyautar Nobel a 1992, shi da abokan aikinsa na Cibiyar Kimiyya da ke Paris suka ƙirƙiro shirin La main à la pâte, domin yara su koyi kimiyya ta hanyar gwaji da hannunsu. Ga kuma babbar makarantar injiniyoyi ta ENTPE, wadda ta ƙaura zuwa garin a 1975. Abin takaici ne a ce ana horar da masu gina gadoji a unguwa, alhali yaran unguwar suna ganin aljabara ta waɗansu ce.

Sai dai akwai tarko. Waɗansu suna so makaranta ta koyar da abin da kamfanoni ke nema a yau kawai. Ya kamata su waiwayi masana'antar TASE, wadda aka buɗe a garin a shekarun 1920 domin yin zaren siliki na roba. Dubban ma'aikata sun ci abinci a cikinta, amma a 1980 aka rufe ta. Wanda ya iya sarrafa inji guda ɗaya tak, iliminsa ya tafi tare da injin. Wanda kuwa ya fahimci yadda sinadari ke narkar da itace har ya zama zare, yana da abin da zai kai wata masana'anta. Mutanen Kaduna da Kano, waɗanda suka ga durƙushewar masaƙunsu, ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan.

Saboda haka malami ne ya kamata ya zaɓi matsalar, ba kamfani ba. Haka kuma bai dace a dogara ga 'yan kwanakin nan na ganin aiki da ɗaliban Faransa ke yi suna kimanin shekara 14 ba, domin sau da yawa ɗan injiniya ne yake samun ɗakin gwaji, ɗan lebura kuwa ya ƙare a kantin unguwa yana jera kaya.