Kafin a zagi injin yankan bulo, a duba bel ɗinsa

A ranin bara na yi kwana uku ina zirga-zirga wurin wani gini a wani ƙauye tsakanin Ɗambatta da Makoɗa. An yi hayar injin yanka, irin mai teburin nan da ake ɗora bulo ko tayil ko dutsen intalok a tura wa faifai. A rana ta biyu, kafin azahar, injin ya fara kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, ƙaurin roba ya tashi, faifan ya riƙa tsayawa a tsakiyar bulo. Yaron da ke tuƙa shi ya ɗauko sifana ya ɗaure bel ɗin tamau, ya ce da birkila, "Oga, ai shi ke nan, ya gyaru." Da la'asar boris ya tarwatse. Rana ta uku duk a hanyar Kano ta ƙare, an tafi Ƙofar Ruwa neman kayan gyara, leburori na zaune a inuwa suna jiran kuɗin yini.

Da mai injin ya zo, hukuncinsa ɗaya ne: kayan yanzu ba su da ƙarko. Ban yarda ba a lokacin, har yau kuma ban yarda ba.

Wannan inji ya shigo ƙauyukanmu ne tare da sauyin gini. Daga Bichi zuwa Tsanyawa, daga Kunci zuwa Ɗambatta, gidan da a da ake yi da tubali da jar ƙasa yanzu bulo ne, wanda ya samu hali ya sa tayil, masallatai da makarantu a shimfiɗa musu intalok. Da yake garuruwan a manne suke da juna, inji ɗaya kan yi wa ƙauyuka da yawa aiki, yau a nan gobe a can. Kuma lokacin gini shi ne bayan kaka, sa'ilin da kuɗin gyaɗa da riɗi suka shigo hannu, wanda shi ne lokacin hunturu da ƙura. Wato injin ya fi shan wahala daidai lokacin da ba wanda ke son a tsayar da shi ko na rabin awa.

Bel ɗin nan da muke raina wa shi ne ke ɗauko ƙarfi daga inji ya kai wa faifai. Yadda aka ƙera shi, da gefunansa biyu yake kama ramin fuli, cikinsa bai kamata ya taɓa gindin ramin ba. Idan ka leƙa ka ga gindin ramin yana ƙyalli, to bel ya suɗe ko fulin ya cinye, kuma komai ɗaurin da aka yi masa santsi zai ci gaba da yi. Ga inda ake asara: bel mai sako-sako kansa kaɗai yake ci, ya yi zafi ya tsage, amma bel ɗin da aka ɗaure fiye da kima boris yake ja, na faifai da na inji, har ya lanƙwasa sandar da faifan ke kai. Bel bai kai kuɗin buhun siminti ba. Boris da sanda da ladan bakanike da kuɗin mota da yinin da aka rasa, mai karatu ya lissafa da kansa.

Gwajin ba wuya. A kashe inji, a danna tsakiyar bel da babban yatsa. Ƙa'idar da masu ƙera bel ke bayarwa ita ce ya lotsa kimanin santimita 1.5 a kowace mita ɗaya ta tazarar da ke tsakanin fuli biyu. A injin yanka tazarar gajera ce, saboda haka lotsawar rabin santimita ko kusa da haka ta isa. Sabon bel yana saki bayan aikin farko, sai an koma an sake duba shi. A kuma ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ko a ja zare a fuskar fulin biyu, a ga ko suna kan layi ɗaya, domin jijjigar hanya kan gusar da inji daga mazauninsa, bel ya riƙa cin gefe guda. Idan injin mai bel biyu ne, a canja su tare. In aka haɗa tsoho da sabo, sabon ne kaɗai zai ɗauki nauyi. Mai zuwa kasuwa ya tafi da tsohon ko ya rubuta lambar da ke bayansa, domin mai harafin A faɗinsa kusan milimita 13 ne, mai B kusan 17, ba sa maye gurbin juna. Baƙin mai da giris kuwa, in suka taɓa bel sun gama da shi.

Duk wannan ba ya cin minti goma sha biyar. To me ya hana a yi?

A ganina matsalar tana cikin yadda ake hayar injin. Mai shi yana gida, kuɗin yini yake karɓa. Yaron da ke tuƙawa da yawan abin da ya yanka ake sallamarsa. Birkila so yake a gama ya koma wani aikin. A cikin su ukun ba wanda ake biya don ya wanke tire, ya kaɗe filtar iska, ya duba bel. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuma, kowa ya ƙara matse hannu, abin da aka fara yankewa shi ne canjin baƙin mai a kan lokaci. Irin wannan ne a gidajen niƙa da wurin masu injin ban ruwa a Watari da Tomas, sai dai shi injin yanka ɓarnarsa ba a aljihu kaɗai take tsayawa ba.

Ɗauki maganar murfin bel. Kusan duk injin da na gani a wuraren gini an cire masa shi, wai yana hana saurin gyara, daga nan sai ya ɓata. Mu kuwa mutane ne masu doguwar riga da rawani, ga yara da ke taruwa kallo duk inda inji ke ƙara. Bel da ke gudu ba ya sakin abin da ya kama, ko hannun riga ne ko yatsa. Kowane mai walda a Bichi ko Ɗambatta zai iya haɗa sabon murfi da guntun kwano cikin awa ɗaya.

Sai ruwa, wanda shi ya fi damuna. Faifan nan ba haƙora gare shi irin na zarton kafinta ba, ƙananan ƙwayoyin daimon ne a bakinsa da ke goge dutse. An yi injin ne ruwa ya riƙa zuba a kan faifai, ya sanyaya shi ya kuma kwantar da ƙura. Amma a ƙauye da rani ruwan saye ake yi wurin mai garuwa, ɗan famfon da ke cikin tire kuma laka kan toshe shi, sai a cire a ci gaba da yanka a bushe. Faifan ya yi zafi ya dakushe, yaro ya ƙara danna bulo da ƙarfi, bel ya fara santsi, a ɗauko sifana. Ka ga an dawo inda labarina ya fara. Alhali faifan da bakinsa ya yi sulɓi, yanka kaɗan a cikin bulo mai yashi da yawa kan buɗe shi.

Farar ƙurar da ke tashi daga siminti da yashi da dutse tana ɗauke da sinadarin silika. Tana shiga can cikin huhu ta zauna, ta haifar da ciwon da likitoci ke kira silikosis, wanda ba shi da magani kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ba a wata ɗaya yake bayyana ba, shekaru yake ɗauka, shi ya sa ba mai danganta tarin da aikin da aka yi tun ana saurayi. Tsumma ko rawanin da ake naɗewa a hanci ba ya tare irin wannan ƙura. Jarka biyu ta ruwa, a bar laka ta kwanta a sake amfani da na saman, ta fi shi nesa ba kusa ba.

Abin da nake ba masu inji shawara shi ne su sa gyara cikin ciniki tun farko: ruwa a kan mai gini, bel na ajiya a ɗaure jikin inji, sannan a ware wa yaro wani abu na musamman idan ya dawo da injin a wanke, da murfinsa a jiki. Ƙungiyoyin magina da ke kusan kowace ƙaramar hukuma za su iya mayar da wannan sharaɗi. Ga kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta fasaha a Bichi, a tsakiyar yankin; horon yini biyu ga yaran inji kafin lokacin gini ba zai gagare ta ba idan shugabannin ƙananan hukumomi suka nema.

Shi kuwa mai injin nan, na sake haɗuwa da shi a kasuwar Ɗambatta bayan 'yan watanni. Na ce, "Alhaji, ya inji?" Ya ce ya sayar, ya ciko kuɗi ya sayo sabo. Na tambaye shi murfin bel ɗin fa. Ya yi dariya ya ce yana nan a ƙarƙashin gado, don kada yara su ɓatar.